Aska ko Ƙwaya: Tarihin Jiyyar Jijiyoyin Zuciya

Wanda ya shiga kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi ran da ta ke ci, ba zai rasa ganin waɗansu mutum biyu ba. Ɗaya wanzami ne, yana zaune a rumfa da zabirarsa, ga asake ga ƙahoni. Ɗayan kuwa mai magani ne, ya baza sassaƙe da saiwoyi da ƙulle-ƙullen gari a kan buhu. Tun zamanin kaka da kakanni wurin waɗannan biyu mai ciwo ya kan kai kukansa, kuma aikinsu ya sha bamban. Wanzami ya tsaga fata, ya kafa ƙaho, ya zuƙa, jim kaɗan ya cire ya nuna wa mutum baƙin jini ya ce ga cutar nan ta fito. Mai magani kuwa sai ya ce a jiƙa a sha safe da yamma, a yi haƙuri har kwana bakwai.

Zuciyar ɗan Adam ta fi karkata ga na farkon, don gani ya kori ji. Da asibiti ya zo ƙasar Katsina halin bai sake ba, sai allura ta gaji ƙaho. Har gobe akwai wanda in likita ya sallame shi da ƙwayoyi kaɗai, ya kan koma gida yana ganin ba a duba shi sosai ba.

To, wannan hali ba na Bahaushe ba ne shi kaɗai. Manyan likitocin duniya sun shafe fiye da shekara ɗari suna wannan gardama a kan cuta guda, watau toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Waɗansu suna cewa a sa hannu a buɗe, waɗansu suna cewa a ba da magani a sha.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinta tura jini ko ina cikin jiki, tana bugawa wajen sau dubu ɗari a kwana guda. Abin mamaki, ko da ya ke cike ta ke da jini, ba ta iya ƙoshi da wanda ke cikinta. Mutanen Dutsin-Ma sun san misalin wannan. An gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, ruwa ya taru fal, amma aka yi shekaru da yawa ba a sha shi ta famfo ba, sai a 2021 aka buɗe aikin ruwan shan. Ruwa a madatsa ba ya kashe ƙishirwar gari sai da bututu. Haka zuciya ta ke da nata bututun, jijiyoyi ne biyu, ta dama da ta hagu, ta hagun kuma ta rabu biyu, suka zama manya uku. Ko wacce ba ta fi kaurin bututun tawadar biro da yawa ba. Tun a ƙarni na 13 wani likita na Dimashƙa da ya zauna a Alƙahira, Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya rubuta cewa ta jijiyoyin da suka ratsa jikinta zuciya ke samun abincinta.

In shekaru suka tura, musamman ga mai shan taba, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, kitse ya kan taru cikin bangon jijiyar, kamar maruru a ƙarƙashin fata. Daga nan cutar ta kan ɗauki hanya biyu, kuma duk wanda bai rarrabe su ba ba zai gane sauran labarin ba. Ta farko, marurun ya yi ta girma sannu a hankali yana matse hanyar jini. Mutum yana zaune lafiya lau, amma in ya hau tudu ko ya kama garma sai ya ji an danne masa ƙirji, in ya tsaya ya huta abin ya sake shi. Ta biyu, marurun ya fashe farat ɗaya, jini ya daskare a kansa ya toshe jijiyar gaba ɗaya, sashen zuciyar da ta ke ciyarwa ya soma mutuwa. Shi ne a ke kira bugun zuciya.

Wani likitan London, William Heberden, shi ya fara siffanta ciwon ƙirjin nan filla-filla a 1768, amma bai san daga ina ya ke tasowa ba. Wanda ya gano bakin zaren Edward Jenner ne, mutumin da ya fito da lamba ta rigakafin agana, wadda dattawan ƙasar nan har yanzu su ke ɗauke da tabonta a dantse. Wata rana yana feɗe gawar wani da wannan ciwo ya kashe, sai wuƙarsa ta ci karo da wani abu mai tauri kamar tsakuwa. Ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin, yana zaton ɓaraguzai ne suka faɗo. Ashe jijiyar zuciyar ce ta ƙandare. Jenner ya ɓoye abin da ya gani shekaru, domin malaminsa John Hunter yana da irin ciwon, ba ya so ya tayar masa da hankali. Hunter kansa ya kan ce ransa yana hannun duk wani ashararun da ya ga damar ba shi haushi. Haka kuwa aka yi. A 1793 gardama ta kaure a wani taro na asibitin da ya ke aiki, ya fita a fusace, ya faɗi ya mutu. Da aka buɗe shi aka tarar da jijiyoyin zuciyarsa kamar ƙashi.

Magani ne ya riga aska zuwa. A 1867 Lauder Brunton na Edinbara ya gane wani ruwa da in an shaƙa ciwon ya kan lafa. A 1879 William Murrell na London ya fito da wanda ya fi shi, kuma har yau shi a ke sa wa a ƙarƙashin harshe. Sunansa nitirogilisarin, shi ne kuma sinadarin da a ke haɗa nakiya da shi, ba ta biki da a ke yi da shinkafa da zuma ba, ta fasa duwatsu. Alfred Nobel ya yi arziki da wannan nakiya, da ya tsufa kuma ciwon ƙirji ya kama shi, sai likitoci suka ce ya sha ta. Maganin yana saki jijiyoyin jiki su buɗe, zuciya ta sami sauƙin aiki, ciwo ya wuce cikin 'yan mintoci. Sai dai bai taɓa marurun ba.

A lokacin nan masu fiɗa suna tsoron zuciya ƙwarai. A 1896 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya rubuta cewa fiɗa ta iso iyakarta a nan, ba dabarar da za ta kai ta cikin zuciya. A cikin shekarar nan ita kanta Ludwig Rehn na Farankfot a Jamus ya ɗinke zuciyar wani saurayi da aka soka wa wuƙa, saurayin kuwa ya tashi. A 1929 wani yaron likita Bajamushe, Werner Forssmann, ɗan shekara 25, ya yi abin da manyansa suka hana shi. Ya yanka jijiyar hannunsa, ya zura wani siririn bututun roba, ya yi ta turawa har ya isa zuciyarsa, sa'an nan ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto aka ɗauka don shaida. Ladan da ya fara samu faɗa ne da kora daga aiki. Sai a 1956 aka ba shi lambar Nobel tare da waɗansu biyu na Amurka da suka ɗora a kan aikinsa.

Kafin dabarar Forssmann ta yi 'ya'ya, an yi wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. A 1939 wani likitan Italiya mai suna Fieschi ya kawo shawara. Akwai waɗansu jijiyoyi biyu a bayan ƙashin ƙirji. Ya ce in an ɗaure su, jinin da ke bin su zai juya ya nufi zuciya, kamar yadda mai lambu ya kan toshe wannan magudana ruwa ya bi waccan. Maganar ta shiga hankali, aikin kuma mai sauƙi ne, 'yar tsaga ce a ko wane gefe. A shekarun 1950 abin ya bazu har Amurka. Masu ciwo suka yi ta tashi daga gadon fiɗa suna godiya, galibinsu suna cewa ƙirji ya sake su.

Sai wani likita a birnin Siyatil, Leonard Cobb, ya ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ya tara masu ciwo 17. Ko wanne aka kashe masa wurin da allura, aka tsaga, aka tono jijiyar. A sa'an nan ne mai fiɗa zai buɗe wata ambulan ya ga abin da ƙuri'a ta ce, a ɗaure ko kada a ɗaure. Aka ɗaure wa 8, aka ɗinke 9 haka nan ba a yi musu kome ba, kuma ba wanda ya san rabonsa a cikinsu. Da aka bayyana sakamako a 1959, sai ga shi waɗanda ba a yi wa kome ba sun sami sauƙi daidai da waɗanda aka ɗaure wa. Duka ɓangarorin biyu sun rage shan ƙwayar ƙarƙashin harshe. A 1960 wani likita a Kansas, Grey Dimond, ya maimaita da mutum 18, ya sami abu guda. Nan da nan aka watsar da aikin.

Ba ƙarya majiyyatan nan suka yi ba, sauƙin da suka ji na gaskiya ne. Ciwon ƙirji dama ya kan tashi ya kan kwanta, mutum kuma ba ya zuwa wurin likita sai ran da ya fi tsanani, don haka ko me aka yi masa gobe zai fi yau. Bayan wannan ga ƙarfin sa rai. Wanda ya ga tabo a ƙirjinsa ya tabbata an yi masa wani abu babba, tsoro ya ragu, jiki ya saki. Wanzamin Kurfi ya san wannan sarai ko da bai taɓa jin sunan Cobb ba, shi ya sa ba ya zubar da jinin ƙaho sai ya nuna wa mai shi.

Daga nan masu aikin hannu suka shiga samun nasara ta gaske. A 1953 John Gibbon ya yi aiki da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, har a iya tsai da zuciya a gyara. A 1958, a asibitin Kilibland, Mason Sones yana ɗaukar hoton wani saurayi, sai bututun ya zame ya watsa ruwan hoto cikin jijiyar zuciyar kanta. A da an ɗauka wannan kisa ne. Saurayin bai mutu ba, kuma a karo na farko aka ga jijiyoyin zuciyar mai rai baro-baro, da inda suka matse. A 1967, a wannan asibiti, René Favaloro mutumin Ajantina ya ciro jijiya daga ƙafar wata mata, ya dasa ta a zuciyarta ta kewaye wurin da ya toshe, kamar direban da ya tarar gada ta karye ya yi ratse. Aikin kewaye ke nan, wanda a ke tsaga ƙashin ƙirji a yi.

A ranar 16 ga Satumba 1977, a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Andreas Gruentzig ya nuna ba lalle sai an tsaga ƙirji ba. Ya ɗaura wani ɗan ƙanƙanen balan-balan a bakin bututu, irin waɗanda ya yi ta haɗawa a kan teburin ɗakin girkin gidansa. Ya zura ta cinyar wani mutum ɗan shekara 38, mutumin yana farke, ya kai wurin da ya matse, ya hura, hanya ta buɗe. Da aka ga jijiyar ta kan sake tsukewa bayan 'yan watanni, sai a 1986 likitoci a Tulus ta Faransa da Lozan ta Suwizalan suka soma barin wata 'yar ragar ƙarfe a ciki ta tokare bangon. Hoton kafin aiki da na bayan aiki abin sha'awa ne. Ga zare siriri, ga shi ya koma kogi. Ba mai ganin wannan ya yi shakka. Cikin 'yan shekaru sa ragar ƙarfe ya zama ɗaya daga cikin ayyukan da aka fi yi a asibitocin ƙasashe masu arziki.

Su kuwa masu ƙwaya ba barci su ke yi ba, sai dai aikinsu ba shi da hoto. James Black, mutumin Sikotlan, ya yi tunani ta baya. In ba za a iya ƙara wa doki harawa ba, ai a iya rage masa sukuwa. A 1964 ya fito da maganin da ke rage gudun zuciya, ta wadatu da ɗan jinin da ta ke samu. Asfirin, wanda an daɗe ana sha don ciwon kai, aka gane yana hana jini daskarewa. A 1988 aka bayyana gwajin da aka yi da mutum 17,187 masu bugun zuciya: asfirin kaɗai ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, allurar narkar da gudan jini ita ma haka, in an haɗa su biyu ragin ya haura kashi 40 cikin ɗari. A Japan kuma Akira Endo ya bi dubban ire-iren funfuna ɗaya bayan ɗaya, har a 1973 ya sami wadda ke hana hanta yin kitsen da ke taruwa a jijiya. Daga nan magungunan sitatin suka samo asali. A 1994 aka bayyana gwajin da aka yi wa ɗaya daga cikinsu a kan mutum 4,444 a ƙasashen arewacin Turai. Bayan shekara biyar da 'yan watanni, 256 sun mutu cikin waɗanda aka ba ƙwayar banza, 182 cikin waɗanda aka ba ta gaske.

Da ɓangarorin biyu suka yi ƙarfi, tilas a haɗa su a ga wa zai ka da wani. An fara da aikin kewaye a shekarun 1970 da 1980, aka tarar yana tsawaita rai ga waɗansu ayyanannun mutane: wanda uwar jijiyar hagu ce ta matse tun kafin ta rabu, da wanda duka ukun suka lalace zuciyarsa kuma ta raunana. Ga sauran, bai fi magani ba wajen hana mutuwa.

Ragar ƙarfe ta daɗe ba a yi mata irin wannan tambaya ba. Sai a 2007 aka bayyana wani gwaji mai suna COURAGE, na mutum 2,287 a Amurka da Kanada, galibinsu masu ciwon da ke zuwa da aiki ya tafi da hutu. An ba kowa magani sosai, sa'an nan ƙuri'a ta zaɓi rabi aka ƙara musu raga. Bayan shekara huɗu da rabi, waɗanda suka mutu ko suka yi bugun zuciya kashi 19 ne cikin ɗari a wajen masu raga, 18 da rabi a wajen masu magani kaɗai. Masu sa raga suka ce ba a zaɓi masu ciwo mai tsanani ba. Aka sake shirya wani da ya fi shi girma, ISCHEMIA, da mutum 5,179 a ƙasashe 37, waɗanda awo ya nuna zuciyarsu tana ƙishirwar jini sosai. Sakamakon ya fito a 2020. Cikin waɗanda aka yi wa aiki 145 sun mutu, cikin waɗanda aka fara da magani 144.

A tsakanin waɗannan biyu, a 2017, wata likita a London, Rasha Al-Lamee, ta tono dabarar Cobb. Mutum 200, an cika su da magani tukuna, sa'an nan aka shigar da ko wanne ɗakin aiki, aka sa masa kiɗa a kunne, aka ba shi abin sa gyangyaɗi, aka zura bututu. Rabi aka sa musu raga, rabi aka zare bututun haka nan. Bayan mako shida aka sa su tafiya a kan injin awo, bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Amma don a yi adalci, ita wannan likita ta sake wani gwajin a 2023 da mutum 301 waɗanda aka janye musu magungunan ciwon ƙirji, a nan kuwa raga ta rage ciwo a fili. Watau raga tana maganin zafin ƙirji da gaske, kamar yadda ƙwaya ke yi. Abin da ba a same ta da shi ba, ga mai ciwo na kwance, shi ne ƙarin kwana.

Dalili kuwa yana ga marurun nan. Wanda ya fi matse hanya sau da yawa tsoho ne, ya yi tauri, ba shi da saurin fashewa. Wanda ke kisa ya kan zama ƙarami mai taushi a wani wuri dabam, wanda hoto bai ma damu da shi ba. Raga tana gyara wuri guda da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ƙwaya kuwa tana bin jini ta isa ko wane lungu.

Kada wannan ya ruɗi kowa game da hanya ta biyu. In jijiya ta toshe farat ɗaya, labari ya sha bamban. Tun 1912 James Herrick na Chikago ya ce gudan jini ne ke haddasa bugun zuciya, aka yi ta musu har 1980, sa'ad da Marcus DeWood ya ɗauki hoton masu bugun zuciya cikin sa'o'in farko ya ga jijiyar a toshe ga kusan tara cikin goma. A nan buɗewa da balan-balan da raga ita ce gaba da kome, tana ceton rai fiye da allurar narkarwa, muddin an yi ta da wuri. In ba za a isa wurin injin cikin sa'a biyu ba, allurar ita ce madadi. Bayan sa'a goma sha biyu galibin tsokar da za ta mutu ta riga ta mutu, ba ta kuwa tohowa. Haka nan wani gwaji na 2012 ya nuna mai ciwon sukari da jijiyoyi da yawa suka lalace ya fi amfana da aikin kewaye bisa ga raga.

Duk wannan zamani ƙasar Hausa tana gefe, don cutar ba ta dame ta ba. Sa'ad da Eldryd Parry ya zo koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1969, ciwon zuciyar da ya cika gadaje na hawan jini ne, da na ƙofofin zuciya da ciwon maƙogwaro na yarinta ke lalatawa, da na masu jego. Shi da Neil Davidson sun yi rubutu a kan wannan na ƙarshe, suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da yawan kunun kanwa, ko da ya ke binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna da sauran dalilai. Toshewar jijiya kuwa sai jefi-jefi. Ba mamaki. Manomin da ke cin tuwon dawa da furar gero, ya tafi gona a ƙasa ya komo a ƙasa, ba kasafai kitse ke samun wurin zama a jikinsa ba. Fiɗar zuciya ta farko a Nijeriya an yi ta a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, Magdi Yacoub haifaffen Masar da Fabian Udekwu suna cikin waɗanda suka yi.

Amma zama ya sake. Babur ya maye gurbin ƙafa, taba sigari da lemon kwalba da soye-soye sun shiga har ƙauye, hawan jini da ciwon sukari sun yawaita. Da Moshood Abiola ya rasu a tsare ran 7 ga Yuli 1998, likitocin ƙasashen waje da suka binciki gawarsa sun ba da rahoton cewa jijiyoyin zuciyarsa sun matse ƙwarai, zuciyar kuma ta ƙara girma saboda daɗaɗɗen hawan jini. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an duba takardun majiyyata na farkon shekarun 2000, masu wannan cuta ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma ga su nan, ba a ce babu ba. Daga 2013 zuwa 2018 likitoci a sassan Nijeriya, bisa jagorancin Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Sakkwato, sun rubuta labarin mutum dubu da 'yan kai da ciwon ya kama farat ɗaya. Fiye da rabinsu ba su isa asibiti cikin sa'a goma sha biyun nan ba.

Ga mutumin Kurfi ko na Dutsin-Ma wannan tarihi ba hira ba ce kawai, magana ce ta gona da shanu. Injin sa raga ba shi da yawa a Nijeriya, galibi yana manyan birane kamar Ikko da Abuja, kuɗinsa kuma miliyoyin naira ne. Magidancin da ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya yi huɗa, ya sake shi in ya zauna, in aka ce masa sai an yi aiki, dangi su kan taru a sa gona a kasuwa, wani har Masar ko Indiya. Yana da hakkin ya tambayi likita tukuna, aikin nan kwana zai ƙara masa ko ciwo zai rage masa, kuma wace jijiya ce ta matse. In ba uwar jijiyar hagu ba ce, zuciyar kuma ba ta raunana ba, gwaje-gwajen da aka ambata sun nuna ba ya asarar kome in ya fara da magani, aiki yana nan in ciwon ya ƙi lafawa. Awon jini da na sukari ana yinsu a babban asibitin Dutsin-Ma da na Kurfi, ƙwayoyin kuma tsofaffi ne, ba sa cikin masu tsada. Wahalarsu guda ce, ba na kwana bakwai ba ne irin jiƙon mai magani, na muddin rai ne, mutane kuwa su kan ajiye da zarar sun ji dama. Wanda aka sa wa raga ma bai tsira daga ƙwaya ba. An ƙara masa wata ce ta hana jini daskarewa a kan ƙarfen, in ya yar da ita a watannin farko ragar kanta ta kan toshe.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, ya kuma fi shi muni. Mutum yana zaune sai ƙirji ya danne shi, ciwon ya hau wuya ko ya gangara hannun hagu, gumi ya karyo, aka yi minti ashirin bai sake shi ba. Sai a ce gyambon ciki ne a jiƙa kanwa, ko a ce iska ce a nemo hayaƙi, ko a aika a kira wanzami ya sa ƙaho a ƙirji. A wannan sa'a kaɗai ce gaggawa ke da amfani, a cikinta kuma aka fi yin jinkiri. Daga Dutsin-Ma zuwa birnin Katsina, inda asibitin koyarwa na tarayya ya ke, wajen mil arba'in ne ta kan Kurfi, mota mai lafiya ta kan cinye su cikin sa'a guda da rana. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, daga wajen 2019, direbobi da yawa ba su yarda su hau hanyar da duhu ba ko nawa za a ba su, iyalin mai ciwo sai su zauna su tasa shi gaba suna jiran gari ya waye.